A Cire ko a Wanke Jijiya? Fashin Baƙi kan Haƙorin da Ciwo Ya Ci Har Ciki

Mutum ya kwana uku bai runtsa ba saboda haƙori. Ya je asibiti da niyyar a cire masa shi ya huta, sai likita ya duba, ya ɗauki hoto, ya ce haƙorin zai iya tsira idan aka wanke jijiyarsa, aikin da a asibiti ake kira rut kanal. Da aka faɗa masa kuɗin sai ya ji ya ninka na cirewa sau da dama, ga shi an ce sai ya dawo sau biyu ko uku. Nan take tambayar ke fitowa, kuma ita ce ake yi a Jos da kewaye, daga Anguwar Rogo har Bukuru: me zai sa in kashe wannan kuɗi a kan haƙori ɗaya, alhali ina da wasu talatin da ɗaya?

Tambaya ce mai ma'ana, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Abin da ya dagula ta shi ne maganganun da suka lulluɓe aikin. Wani ya ce azabarsa ta fi ta ciwon. Wani ya ce an yi wa ɗan'uwansa, bayan shekara haƙorin ya dare biyu. Wata ta gani a WhatsApp cewa haƙorin da aka cire wa jijiya yana jawo ciwon daji. A cikin maganganun nan akwai ƙarya tsagwaronta, akwai kuma gaskiyar da aka ɗauko rabinta aka bar rabi.

Abin da ke cikin haƙori

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawon waje, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan'adam. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya da bai kai shi tauri ba. A can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da tsoka mai laushi, cike da jijiyoyin jini da jijiyoyin da ke jin zafi da sanyi. Wannan tsokar ce mutane ke kira jijiyar haƙori. Daga ɗakin nan take gangarawa ta wasu siraran hanyoyi a cikin saiwar haƙori har ta fita ta ƙarshen saiwar, ta haɗu da ƙashin muƙamuƙi.

Yawan hanyoyin ya danganta da haƙorin. Haƙoran gaba na sama galibi saiwa ɗaya ce da hanya ɗaya. Turmin ƙasa, wato babban haƙorin tauna na baya, yakan zo da saiwa 2 da hanyoyi 3 ko 4. Turmin sama na farko saiwarsa 3, amma a fiye da rabin mutane hanyoyinsa 4 ne, ta huɗun a ɓoye take. A riƙe wannan, domin a nan ne yawancin wahalar aikin take.

Yadda ciwon ke tafiya, da yadda yake yaudara

Babu tsutsa a cikin haƙori, duk da masu kasa magani a bakin kasuwa da ke turara wa mutane hayaƙi su nuna musu wai ga ta ta faɗo. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da ɓawon haƙori a hankali. Shayi mai sukari safe da yamma, lemon kwalba, alawa da biskit na yara, su ne abincinsu. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma ruɓewar haƙorin da ba a yi wa magani ba ce a kan gaba.

Da farko kogon ba ya ciwo. Daga baya sai mutum ya fara jin tsam idan ya sha ruwan sanyi, ko iskar hunturun Jos ta bugi bakinsa da asuba, amma da an jima kaɗan ya lafa. A wannan matakin ciko kawai ake buƙata, aikin zama ɗaya mai sauƙin kuɗi. Idan aka bari, ƙwayoyin cutar sai su isa ɗakin jijiya. Tsokar ta kumbura, ga ta a cikin ɗaki mai bango mai tauri, babu inda za ta buɗa. Shi ne ciwon da ke zuwa ba tare da an taɓa haƙorin ba, yana zuga da dare, yana harbawa har kunne da gefen kai. Jijiyar da ta kai nan ba ta komawa daidai.

Sai kuma wata rana ciwon ya ɗauke ɗif. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, su yi hamdala, su ce kanumfarin da suka cusa ko ƙwayar da suka sayo a kemis ta yi aiki. Abin da ya faru shi ne jijiyar ta mutu. Ƙwayoyin cutar kuwa suna nan, sun ma samu wurin zama mai kyau, domin jini ya daina shiga ɗakin, sojojin jiki ba sa isa gare su. Daga nan suke bi ta ƙarshen saiwa su shiga ƙashi, su tara mugunya. Wani sai ya ga ɗan ƙurji a dasashi yana fashewa yana dawowa. Wani sai ya wayi gari da kumatu a kumbure.

Wannan ne dalilin da ya sa Ampiclox da Flagyl ba sa warkar da irin wannan haƙori. Maganin sha ta jini yake tafiya, cikin mataccen haƙori kuwa babu jini. Zai iya sassauta kumburi na ɗan lokaci, amma tushen cutar yana nan inda yake. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2019 cewa ciwon jijiyar haƙori a jikin mai lafiya aiki yake buƙata, kuma a bar magungunan kashe ƙwayoyin cuta sai idan cutar ta fara yaɗuwa, da zazzaɓi ko kasala. Masu ɗiga ruwan batir ko su danna asfirin a kan dasashi kuwa, ƙona naman bakinsu kawai suke yi, su ƙara wa likita aiki.

Abin da likita ke yi a zahiri

Aikin ya yi kama da yasar rijiyar da wani abu ya faɗa ya ruɓe a ciki: a kwashe ƙazantar har ƙasa, a wanke, sannan a yi mata murfin da wani abu ba zai sake faɗawa ba.

Ana farawa da hoto da gwaji, a tabbatar wane haƙori ne, domin ciwon haƙori yakan yi ƙarya, mutum ya nuna na sama alhali na ƙasa ne. Sai allurar kashe zafi. Daga nan likitan da ya san aikinsa zai ɗaura wata 'yar shimfiɗar roba da ke keɓe haƙorin shi kaɗai, ta hana yawu shiga, ta kuma hana ƙaramin ƙarfe ko ruwan magani faɗawa maƙogwaro. Tun 1864 wani likita a New York mai suna Sanford Barnum ya ƙirƙiro ta, kuma ba ta da tsada, saboda haka majinyaci yana da haƙƙin ya tambaya ko za a sa masa.

Sai a huda haƙorin ta sama, a nemo bakin kowace hanya, a auna tsawonta da wata na'ura da kuma hoto. Ana shiga da wasu siraran ƙarafa masu kaifin zarto, mafi sirantarsu bakinsu bai kai kashi 1 cikin 10 na milimita ba, ana kankare bangon hanyar ana faɗaɗa ta. Tsakanin kowane ƙarfe da na gaba ana ɗuraye wurin da ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta da narkar da ragowar tsoka, dangin sinadarin da ke cikin bilic ne amma a gwargwadon da aka auna. A gaskiya wannan ɗaurayar ita ce zuciyar aikin, ƙarafan hanya kawai suke buɗe mata. Idan wurin ya yi tsabta ya bushe, sai a cike hanyoyin da wani irin danƙo da ake kira gata-faca, a toshe saman da ciko. Idan akwai mugunya ko wurin bai bushe ba, sai a bar magani a ciki, a rufe da cikon wucin gadi, a ce mutum ya dawo bayan mako ɗaya ko biyu.

Cewa ƙwayoyin cuta ne tushen matsalar ba hasashe ba ne. A 1965 wani mai bincike, Kakehashi, da abokan aikinsa sun huda haƙoran ɓeraye iri biyu har jijiya. Waɗanda ke da ƙwayoyin cuta a baki jijiyoyinsu sun mutu, ƙurji ya fito. Waɗanda aka raina a keɓe babu ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu, nasu sun warke da kansu.

Inda aikin ke yin wuya

Ba kowane haƙori ne ke ba da kai ba, kuma majinyaci ya kamata ya san dalili, don kada ya ɗauki kowace wahala a matsayin zamba, kada kuma ya yarda da kowane uzuri.

Babbar matsala ita ce ɓoyayyiyar hanya. Likita ya wanke uku a turmin sama, hoto ya yi kyau, amma ta huɗun tana nan cike da ƙwayoyin cuta. Bayan watanni ko shekaru ciwo ya dawo. Haƙoran gaba na ƙasa ma, ƙanana ne a ido, amma wasunsu hanya biyu gare su, ɗaya a bayan ɗaya, kuma hoton da aka ɗauka daga gaba yakan nuna su kamar guda. Nemo irin waɗannan yana buƙatar haske mai kyau, da gilashin ƙara girman gani ko babbar na'urar hange, da haƙuri. A wurare masu kayan aiki ana ɗaukar wani hoto na musamman da ke nuna haƙorin ta kowace fuska.

Akwai saiwa mai lanƙwasa. Ƙarfe miƙaƙƙe idan ya shiga lanƙwasasshiyar hanya yana ƙoƙarin miƙewa, sai ya sassaƙa mataki a bango, ko ya ɓula ta gefe. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka fara ƙera waɗannan ƙarafa da haɗin nikel da taitaniyam, mai lanƙwasuwa ya bi hanyar yadda take, kuma hakan ya sauƙaƙa abubuwa ƙwarai. Amma duk da haka ƙarfe yana iya karyewa a ciki, musamman wanda aka yi ta maimaita amfani da shi don tsimin kuɗi. Idan hakan ta faru, ba ƙarshen haƙorin ke nan ba. Wani lokaci ana iya zaro guntun, wani lokaci a bi ta gefensa a wanke abin da ke ƙasa, wani lokaci kuma a bar shi a ci gaba da lura, idan an riga an wanke hanyar kafin ya karye. Abin da ba shi da uzuri shi ne a ɓoye wa mai haƙori. Wajibi ne a gaya masa, a nuna masa a hoto.

Ɓulewa ta gefe ma tana da magani yanzu. A shekarun 1990 Mahmoud Torabinejad na Jami'ar Loma Linda a Amurka ya samar da wani irin sumunti da jiki ke karɓa, wanda ke daskarewa ko da akwai danshi, ana kiransa MTA. Da shi ake liƙe irin wannan ɓula, kuma gwargwadon saurin liƙewar, gwargwadon fatan tsira.

A dattawa, da haƙoran da suka taɓa buguwa shekaru da suka wuce, hanyar takan tsuke har ta kusa shafewa, domin haƙorin ya yi ta gina bango daga ciki. Likita zai iya ɓata zama guda cur yana neman bakin hanya ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya ce ana ja masa rai.

Sai batun allurar da ta ƙi kamawa, wanda shi ne asalin mummunan sunan da aikin ya yi. Turmin ƙasa mai kumburarriyar jijiya yana da taurin kai, allurar da aka saba yi sau da yawa ba ta isar masa. Leɓe ya mutu, amma da an taɓa jijiyar mutum ya zabura. Akwai ƙarin allurai da ake yi a gefen haƙorin, ko cikin ƙashi, ko cikin jijiyar kanta. Kada kowa ya ciji yatsa ya yi shiru don kunya ko nuna jarumta. Ɗaga hannu ka ce kana ji.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne na yara. Yaro ɗan shekara 8 ko 9 ya faɗi a filin ƙwallo, ko Keke Napep ta kifar da su, haƙorin gaba ya karye ko ya fice gaba ɗaya. A wannan shekarun saiwar ba ta gama girma ba, ƙarshenta a buɗe yake, bangonta siriri. Idan jijiyar na da sauran rai, likita zai yi ƙoƙarin cire ɓangaren da ya lalace kawai ya bar sauran, don saiwar ta ƙarasa girma. Idan ta mutu, sai a gina mata toshiya a ƙarshe kafin a cike. Haƙorin dindindin da ya fice kuwa ana iya mayar da shi. A ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a goge, kada a naɗe shi a takarda ko a ƙyalle. A ɗan ɗauraye shi a mayar da shi gurbinsa idan za a iya, ko a jefa shi cikin madara a garzaya asibiti cikin sa'a guda. Haƙorin nono shi ne ba a mayarwa. Iyaye da malaman makaranta nawa suka san wannan? Yara da yawa suna girma da giɓi a gaba saboda an jefar da haƙorin a inda ya faɗi.

Lafiyar jiki ma tana shiga lissafi. Mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, ƙashinsa yana jinkirin warkewa. Masu sikila wani lokaci jijiyar haƙorinsu kan mutu ba tare da kogo ba, saboda toshewar jini. Mai juna biyu kuwa ana yi mata aikin, zama da mugunya a baki ya fi allurar haɗari, ta dai sanar da likita.

Akwai haƙorin da babu dabarar da za ta cece shi: wanda saiwarsa ta tsage a tsaye, wanda ya ruɓe har ƙasan dasashi babu abin da ciko zai kama, da wanda ƙashin da ke riƙe da shi ya zaizaye yana girgiɗi. Likitan kirki zai faɗa tun farko, kafin a kashe kuɗi.

Idan aikin farko bai yi ba

Ana iya sakewa. A cire tsohon cikon, a nemo abin da aka tsallake, a sake wankewa. Ya fi na farko wahala da tsada, kuma nasararsa takan ɗan gaza ta na farko, amma yana ceto haƙora da yawa. Idan hakan ba zai yiwu ba, akwai ƙaramar tiyata: a buɗe dasashi, a yanke kamar milimita 3 daga ƙarshen saiwar, a toshe ta daga can. Irin waɗannan ayyuka na ƙwararru ne, kuma likitan da ya ce wannan ya fi ƙarfin kayan aikina, je ka asibitin koyarwa irin na Jami'ar Jos, JUTH, ya nuna sanin ya kamata. Ni dai na fi amincewa da irinsa a kan wanda bai taɓa tura kowa gaba ba.

Maganar ciwon daji da sauran jita-jita

Tana da asali. A shekarun 1920 wani likitan haƙori a Amurka, Weston Price, ya yaɗa ra'ayin cewa haƙoran da aka cire wa jijiya suna tara guba mai jawo cututtuka a sauran jiki. An cire wa mutane haƙora masu ɗimbin yawa a kan wannan magana. Binciken da ya biyo baya ya nuna gwaje-gwajensa cike suke da kurakurai, aka yi watsi da ra'ayin tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Intanet ce ta tono shi ta sake rabawa. Babu wata hujja ta kimiyya da ta nuna wankin jijiya na jawo ciwon daji.

Batun darewar haƙori kuwa gaskiya ne, amma ga cikon labarin. Haƙorin da ya kai ga wannan aiki dama kogo ya cinye masa jiki, ga hudar da aka yi. Turmi kuma shi ke ɗaukar nauyin tauna, daga kilishi har aya da rake. Shi ya sa ake cewa a sa masa hula, wato murfi mai ƙarfi da ke lulluɓe haƙorin gaba ɗaya. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya bibiyi haƙora kusan miliyan 1.5 da aka yi wa aikin, ya samu kashi 97 cikin 100 suna nan a baki bayan shekara 8. Daga cikin waɗanda aka cire kuwa, kashi 85 cikin 100 ba a sa musu hula ba.

Lissafin aljihu

Ba daidai ba ne a raina wanda ya zaɓi cirewa. Magidancin da ke fama da kuɗin abinci da na makaranta, idan ya ce ba shi da halin wankin jijiya da hula, gaskiya ya faɗa, kuma cire haƙori mai mugunya ya fi barinsa nesa ba kusa ba. Tsadar ma tana da dalili: kusan duk kayan aikin daga waje ake shigo da su da dala, aikin yana cin lokaci, ga kuɗin man janareto.

Sai dai cirewa ma tana da nata kuɗin da ke zuwa daga baya. Haƙoran da ke gefen giɓin sukan karkato, na sama ya zazzago, abinci ya riƙa maƙalewa, ƙashin wurin ya ragu, tauna ta koma gefe guda. Cike giɓin da haƙorin roba, ko gada da ake ɗorawa a kan haƙoran gefe, ko dashen da ake kafawa a cikin ƙashi, wani kuɗin ne, kuma dashe ya fi wankin jijiya tsada sosai. Saboda haka a duba wane haƙori ne. Turmin farko a bakin matashi ɗan shekara 20, ko haƙorin gaban budurwa, ya cancanci a yi masa ƙoƙari. Haƙorin ƙarshe na can ƙurya wanda ba ya taɓa komai wajen tauna, sau da yawa cire shi ne daidai.

Mafi muni a cikin zaɓuɓɓukan shi ne a fara a bari. An buɗe haƙori, an cire jijiya, ciwo ya tafi, sai mutum ya ƙi komawa, ya zauna da cikon wucin gadi wata shida. Cikon nan na makonni ne, zai zaizaye, yawu ya shiga, a koma gidan jiya, kuɗin farko ya tafi a banza. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Don haka kafin a fara, a tambayi jimillar kuɗin har da ciko na ƙarshe da hula, da yawan zuwan da za a yi, da ko asibitin na karɓar biya kashi-kashi. Mai inshorar lafiya, ta ƙasa ce (NHIA) ko ta Jihar Filato (PLASCHEMA), ya bincika ko tsarinsa ya ɗauki aikin. A kuma tabbatar mai aikin likitan haƙori ne mai rajista da majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN.

Bayan an gama, ɗan ciwo na kwana biyu ko uku wajen tauna ba abin tsoro ba ne, farasitamol da ibufurofen sukan wadatar ga wanda likita bai hana shi su ba. A koma a sake hoto bayan wata 6 zuwa shekara, ko da babu ciwo, domin ƙashin da mugunya ta ci a hankali yake cikowa, babba yakan ɗauki shekaru. Amma kumburin da ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko ya haura wajen ido, da zazzaɓi, da kasa buɗe baki, da wahalar haɗiya ko numfashi, wannan ba ya jiran wayewar gari ko ranar da aka ba mutum. Cutar tana iya toshe hanyar numfashi cikin sa'o'i, kuma tana kisa. A kai shi sashen gaggawa a daren.